Idon da Bai Yi Ja Ba

A asibitin idon da nake shara akwai wani mai raba kati da muke kira Sarkin Layi. Mutum ne mai tsafta, ba ya makara. Aibinsa ɗaya ne: ya yarda kallonsa ya fi tambaya. Likita ta rubuta masa tambayoyi huɗu ta manna a teburinsa: yaushe abin ya fara, akwai zafi, wani abu ya shiga idon, gani ya ragu farat ɗaya? Shi kuwa a kan takardar yake ɗora kofin shayinsa, har tabon shayi ya rufe tambaya ta huɗu. In ido ya yi ja yana hawaye, ya tura mai shi gaba. In fari ne, ya miƙa lamba ya nuna benci.

"Shekara tara ina kujerar nan, Gwaggo," yakan ce mini. "Tun daga bakin ƙofa nake gane mai ciwo."

"Allah ya ƙara basira, ƙaramin likita," nakan ce, in ci gaba da sharata.

Ni a aji shida karatuna ya tsaya. Na kama aikin nan ne bayan rasuwar maigidana.

Wata Litinin ɗakin jira ya cika har ana tsayuwa. Ina goge ƙasa kusa da teburin sai ga wata mai ɗinki, tef ɗin awo a wuyanta, guntun zare manne a mayafinta. Ta yi sallama a hankali.

"Malam, idona na dama ne. Tun jiya nake ganin walƙiya a gefe, da wasu abubuwa suna yawo kamar ƙudaje. Yau da safe kuma wani baƙi ya fara saukowa daga sama kamar labule."

Sarkin Layi ya leƙa fuskarta ya yi murmushi. "Hajiya, wannan idon ai ya fi nawa fari. Gajiyar keke ce, tabarau kike nema. Ga arba'in da ɗaya."

Ta karɓa ta yi godiya. A lokacin lamba bakwai ce a wurin Likita.

Sandar goge-gogen ta kuɓuce mini, don na taɓa jin wannan maganar kalma da kalma. Maigidana direban babbar mota ne. Shi ma walƙiya ya fara gani, sai labule. Ba zafi, ba ja. Ni da bakina na ce ya je ya dawo daga tafiya tukuna. Bayan mako biyu aka ce mana wata fata mai laushi ce a can bayan ido ta ɓalle, da mun zo a kwanakin farko da an manne ta. Ya rasa idon, ya bar tuƙi. Ba idon ne ajalinsa ba, amma har ya koma ga Allah ban ƙara jin dariyarsa ta da ba.

Na bi matar zuwa benci da sauri. "'Yar uwa, rufe na hagu. Labulen ya kai tsakiya?"

"Bai kai ba. Amma ɗazu a gida yana nan," ta nuna girarta, "yanzu ya ɗan sauko."

Na kama hannunta na ja ta zuwa teburin.

"Ka shigar da ita yanzu."

"Gwaggo, tsintsiya aka ba ki, ba biro ba."

"Ɗaga kofinka ka karanta ta huɗu."

"Ban ɗagawa."

Mai lamba takwas, wani mai jan ido da ƙyalle a hannu, ya sa baki. "Baba, mu da muka zo tun asuba fa? Ko sai mun sayi tsintsiya?" Aka yi dariya.

"Ɗana, naka zai iya kaiwa azahar," na ce. "Nata ban sani ba."

Ban jira kowa ba. Na ƙwanƙwasa ƙofar Likita, na tura ta da gwiwar hannu. Ban taɓa shiga ɗakin nan ba sai da bokiti.

"Ranki ya daɗe, ki kore ni in kin so, amma ki fara jin matar nan."

Likita ta saurara, fuskarta ta sauya. Ta ɗiga wa matar magani, ta jira baƙin idon ya buɗe, ta ɗaura fitila a goshi ta duba. Sai ta ɗauki waya. "A shirya ɗakin tiyata yau ɗin nan. Hajiya, kada ki ƙara cin komai. Tsakiyar ganinki bai taɓu ba tukuna, shi za mu tsare."

Daga nan ta fito ɗakin jira. Ta ɗaga kofin Sarkin Layi da hannunta, ta karanta tambaya ta huɗu ta cikin tabon shayi, kowa yana ji. Washegari aka mayar da Sarkin Layi ɗakin ajiyar takardu, aka zaunar da malamar jinya a kujerar da ya yi shekara tara a kai.

Bayan mako shida mai ɗinki ta dawo a duba ta. Ta same ni ina wanke tagogi. Ta ce in tsaya. Ta zaro allura daga bakin mayafinta, ta rufe idon hagu, ta lashi zare. Sau biyu ya kauce, a na uku ya shige. Mutanen benci suka ɗauki tafi. Sarkin Layi na tsaye a ƙofar ɗakin takardu, sai na ga ya sunkuyar da kai. Ni kuwa dariya nake yi hawaye na zuba, maigidana nake tunawa.

Darasin da ke cikin labarin nan shi ne, girman ciwon ido ba a jansa yake ba. Duk wanda aka ɗora a kan layin marasa lafiya, ya tambaya kuma ya saurara kafin ya ba da lamba, komai daɗewarsa a aikin. Kai kuma da ka ga walƙiya, ko duhu yana rufe ganinka, kada ka jira zafi. Ka tafi asibiti a ranar, ka faɗi abin da kake gani a fili. Ni na ce wa maigidana ya jira.