Biri Mai Tokare Rumbu

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu a buɗe.

Wai a da can, a wani gari na bakin daji, Biri manomi ne. Kar ku yi dariya. Da gonarsa, da fartanyarsa, da matarsa Tasalla. Suna da ɗan rumbu a tsakar gida, cike da irin gyaɗa. Duk rani suka hana cikinsu, suna jiran ruwa ya sauka su shuka. In irin nan ya lalace, bana ba noma ke nan.

To, Biri yana da ciwo ɗaya, ba ya iya zama. In yana zaune yana susa, in ya miƙe yana taɓe-taɓe.

Ana nan, bazara ta yi nisa, sai rumbu ya tsage tun daga wuya har gindi. Ga hadari ya fara leƙowa daga gabas. Tasalla ta ce, "Maigida, ruwa ya shiga tsagar nan, irin nan ya ruɓe. Je ka kira mai gyara."

Sai Biri ya ruga gidan Zanzaro. Kun san shi, mai siririn ƙugun nan, magini. Katanga ta zube, murhu ya fashe, duk garin shi ake kira. Zanzaro ya zo, ya kwaɓa ƙasa da ƙaiƙayi, ya hau yaɓe yana 'yar waƙarsa ta hanci. Biri na biye da shi, "Nan fa? Ba ka sa a nan ba. Ya kusa? Ka ga hadarin kuwa?"

Da ya gama, Tasalla ta dama masa fura ya sha. Ya ce, "Maigida, abu ɗaya. Kar a taɓa sai ya bushe."

Biri ya ce, "Haba Sarkin Magina, ni yaro ne?"

Zanzaro bai gama fita ƙofar gida ba, Biri ya zagaya rumbu. Ya dubi sama, ya dubi yaɓe. Ya zauna, ya tashi. Ya ce, "Tasalla, kina ganin ya bushe?"

Ta ce, "Yanzu fa aka yaɓa."

Ya ce, "Ai akwai rana."

Sai ya kai ɗan yatsa. Yatsa ya nutse, zurum! Ya zaro, ga rami. Ya sa wani yatsan ya toshe, rami ya zama biyu. Ya sa tafin hannu ya shafe, sai yaɓen duk ya biyo hannun.

Aka koma kiran Zanzaro. Ya tsaya ya dubi ɓarna, ya ce, "Wa ya taɓa?"

Biri ya ce, "Ƙadangare."

"Ƙadangaren gidan nan hannunsa da girma."

"Ai muna ba shi abinci."

Zanzaro ya ɗebo ƙasa. Ya sake kwaɓi, ya sake yaɓe, ya sake shan fura. Ya sa aka kewaye wurin da ƙaya, ya ce, "Kar a taɓa." Ya tafi.

Hadari ya ƙara baƙi, iska ta fara kaɗawa. Biri ya shiga ɗaki, ya fito. Ya hau katanga, ya sauko. Tasalla ta ɗauki tulu ta nufi rijiya, sai ya ce a ransa, "Cewa ya yi kar a taɓa. Bai ce kar a taimaka ba." Ya kwaso kara, ya tara a gindin rumbu, ya cinna wuta wai yaɓe ya bushe da wuri. Ƙaya ta kama, wuta ta tashi. Yaɓe ya yi tas, tas, ya daddare ya zubo. Da Tasalla ba ta dawo da tulu a ka ba, da har jinkar rumbun ta tafi.

Zanzaro ya zo karo na uku, ya tarar da toka. Ya ce, "Yau kuma ƙadangaren girki ya yi?"

Tasalla ta ja shi gefe, ta ce, "Malam Zanzaro, don girman Allah ka rufa mana asiri. Ka ga sama. In dai mutumin nan yana waje, yaɓe ba zai bushe ba."

Zanzaro ya dubi rumbu, ya ce, "To, sai ya koma ciki."

Ya dawo wurin Biri, ya ɓata fuska, ya ce, "Maigida, wutar nan ta cinye ƙarfin bango. Sai an samu jarumi ya shiga ciki ya tokare tsagar da bayansa. In ya ɗaga bayan ko kaɗan kafin ya bushe, rumbun a kansa zai rufta."

Biri ya ce, "Wane jarumi kuma, ga ni?" Ya ɗage jinka, tsulum, ya faɗa ciki.

Zanzaro ya jingina tsohon faifai a kan tsagar, Biri ya manna baya. Aka yaɓe daga waje. Aka mai da jinka, aka bar 'yar kafa ta shan iska, inda Tasalla za ta riƙa miƙa masa tuwo da ruwa.

To, baya dai an kama shi. Hannu fa?

Biri ya sosa kai. Ya sosa ciki. Ya kira, "Tasalla, ya bushe?" Ta ce, "Tukuna." Sai ya dubi gyaɗa, gyaɗa ta dube shi. Ya ce, "Ai ko ma yaya sai an ɓare ta kafin shuka. Bari in rage wa baiwar Allah aiki."

Ya ɓare ɗaya, ya ga ta yamushe. Ya ce, "Ke ba za ki tsira ba." Ya jefa baki. Ya ɓare wata, ƙatuwa, ya ce, "Ke kin cika girma, ƙannenki za ki danne." Ya jefa baki. Ya ɓare wata, ba ta da laifin komai. Ya ce, "Bari in ji ko hayaƙi ya taɓa ki."

Tasalla ta jiyo ƙas, ƙas, ta ce, "Maigida, ƙarar me nake ji?"

Ya ce, "Bango ne yake bushewa!"

Da ya cinye ta kusa da hannu, sai ya jawo da ƙafa. Da ƙafa ta kasa kaiwa, sai ya sharo da wutsiya. Amma bayan nan, a gaishe shi, ko motsi.

Aka kwana, aka tashi, aka sake kwana. Yaɓe ya bushe ƙarau kamar dutse. Ran nan sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ko ɗigo bai shiga rumbu ba. Da aka ɗauke, gari ya cika da ƙanshin ƙasa, kowa ya fito da sungumi. Tasalla ta yi guɗa, ta ɗauko ƙwarya, Zanzaro ya zo ya ɗage jinka. Suka leƙa.

Ga Biri zaune cikin ɓawo har wuya, ciki kamar tulu, baya manne da bango. Ya ɗago kai, ya ce, "Ya bushe?"

Zanzaro ya ce, "Ya bushe, Maigida. Rumbu kam ya gyaru. Saura abin zubawa."

Tasalla ta ajiye ƙwarya, ta ɗauko taɓarya. Biri ya yi tsalle ɗaya, sai katanga, sai kan tsamiya. Tun ran nan bai sauko ya yi noma ba, sai dai ya jira gyaɗar mutane ta nuna.

Saboda haka, in ka kira mai gyara, ka ba shi furarsa, ka samu inuwa ka zauna a kan hannuwanka. Duka biyun.

Ƙurunƙus kan ɓawon gyaɗa, wanda ya ƙaryata ya je ya tambayi tsamiya.