Ɓarawon da Bai Zo Ba

An yi wata tsohuwa mai kaifin baki, Inna Tabawa, wadda aka yi wa aikin zuciya aka ɗora ta kan maganin tsinka jini. Duk mako sai ta sha jijjigar mota zuwa birni a auna jininta, alhali akwai 'yar na'urar da za ta yi wannan awon a ɗakinta. Likita ya ce sai 'yan inshora sun yarda su biya kuɗin na'urar, sai ta wuce wurin manajansu.

Manaja ya juya kujera ya ce, "Inna, kawo mini gudan jini ɗaya da na'urar nan ta hana daskarewa, in sa hannu."

Ta ce, "Yana nan, ranka ya daɗe. Na ba ɓarawon da maigadinka ya hana shigowa ajiyarsa. Kira shi ya miƙo maka."

"Haba Inna, ɓarawon da bai zo ba, ina zan gan shi?"

"Au, ba ka taɓa ganinsa ba? To aikin me maigadin yake yi? Sallame shi yau, mu kwana a buɗe tare, kai da ofishinka, ni da zuciyata."

Manaja ya leƙa taga ya dubi maigadi, ya jawo biro.