Ƙwayoyin da Shahhat Ya Zubar a Rafi

Akwai wani manomin shinkafa a wani ƙauye kusa da birnin Mansura, sunansa Shahhat, ana ce masa Abu Ragab. Ba shi da mugunta, amma kishi ya yi masa katutu. Ko mai tumatir ya yi wa matarsa Awatif gyara, ranar ba zaman lafiya.

Awatif ta daɗe tana haki. Tsargiyar da ta kwasa a rafi tun tana yarinya ce ta bar mata hawan jini a jijiyoyin huhu. Duk wata takan je asibiti a birni. Gogan naku bai taɓa raka ta ba, wai gona.

Wata rana yana neman ashana a jakarta, sai ya ci karo da kwalin ƙwayoyi. Ya kai wa Hilmi mai aski ya duba masa.

Hilmi ya tuntsire da dariya. "Abu Ragab, ai maganin ƙarfin maza ne! Ashe an gaza?"

"Ni ba ta taɓa ba ni ba."

"To wa take saya wa?"

Nan fa zuciyarsa ta tafasa. Ya tuna jan mayafin da take yafawa duk ranar zuwa birni. Bai tambaye ta komai ba, ya zazzage ƙwayoyin a rafi.

Awatif ta nemi magani ta rasa. Kunya ta hana ta cigiya, don ta san abin da maza ke yi da shi. Ba a jima ba ta yanke jiki ta faɗi a bakin tanderu tana gasa gurasa.

A asibiti likita ya ce, "Wa ya yanke mata magani? Maza sun san shi da wani aiki, mu kuma da shi muke buɗe jijiyoyin huhu. Numfashinta ne a cikin kwalin nan."

Shahhat ya durƙusa a bakin gado ya fashe da kuka, ya faɗi abin da ya yi, har da zargin da ya yi mata kan jan mayafin.

Awatif ta dube shi, da ƙyar maganar ke fita. "Abu Ragab, ni da ko tsakar gida ba na iya sharewa sai na huta, ni zan bi wani? Mayafin ma ai kai ka saya mini."

Ta rayu, amma ba ta ƙara iya tsayuwa a bakin tanderu ba. Yanzu shi ke zuwa karɓo maganin, ya wuce ta gaban shagon Hilmi da kwalin a hannu.

Darasi: Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Tambayi iyalinka kafin ka yanke hukunci, kuma kada ka taɓa maganin da likita ya ba wani. Ku tura wa masu zafin kishi, ko Allah zai sa a tsirar da wani rai.