Yatsan da Ya Rage wa Jatau

Ku gyara zama, ta yau ba ta dariya ba ce.

A ƙauyen Tudun Gawo an yi wani manomi, Jatau. Duk zaɓe maganarsa ɗaya ce, taki. Wanda ya yi alkawarin taki shi yake dangwala wa. Zancen hanya da asibiti kuwa, cewa yake surutun 'yan birni ne.

Saura wata guda zaɓen kansila, Jatau na cirar gyaɗa da hantsi, kububuwa ta sare shi a babban yatsan dama. 'Yan takara uku ne, kuma kowannensu da hannunsa a tsirar Jatau.

Alhaji Barau shi ya yi tsaye aka kafa ƙarfen sabis na waya, har matar Jatau ta samu ta kira mai babur. Amma a tsakiyar gonar gadon Jatau aka kafa shi, ko sallama ba a yi masa ba. Dalilin da ya koma noma cikin duwatsu ke nan, matattarar macizai.

Tanko, tsohon kansila, shi ya gina gadar da babur ya haye da Jatau zuwa asibiti, ga kogi ya cika maƙil. Sai dai daga gadar ya watsar da aikin hanya, tafiyar rabin awa ta ci musu awa uku.

Hajiya Lantana ita ta kai maganin dafi asibitin, kwali ɗaya tak. Ta ce kada a buɗe sai mai hotonta ya iso. Jatau na kwance, hannu na ta kumbura, aka jira mai hoton.

Ya rayu. Yatsan ne ya ruɓe, aka yanke.

Duk ukun sun zo dubiya, kowa da tawagarsa. Ba wanda ya tambayi yadda zai riƙe fartanya. Tanko ne ma ya dubi hannun, ya ce, "Kada ka damu, Malam Jatau, na bincika, na hagu ma ana karɓa."

Ranar zaɓe Jatau ya shiga layi cike da takaici. Ko tuna taki bai yi ba. Aka miƙa masa takarda, ya taɓa tawada da na hagun, ya tsaya.

To jama'a, da ɗayansu bai yi nasa ba, da Jatau na kabari. Da ɗayansu bai yi son kai ba, da yatsansa na hannunsa. Wane ne a cikinsu ya cancanci yatsan da ya rage?