Adalcin Farfesa Kashi Nawa Ne?

A wata jami'a an yi wani Farfesa Bawa, wanda ko gaisuwa ba ya yarda da ita sai da lissafi. Ɗalibarsa Uwani ta kawo masa kundin bincikenta, hirarrakin da ta yi da tsofaffin masaƙa kan baƙin cikin mutuwar sana'arsu.

Ya ture kundin gefe. "Wannan ai hirar bakin kasuwa ce. Abin da ba a auna ba, babu shi. Ki auno mini baƙin cikin nan da alƙaluma, ko ki manta da digiri."

Uwani ta russuna. "To, ranka ya daɗe. Amma in na kawo, da adalci za a duba?"

"Ni kike tambaya adalci?"

"Kashi nawa cikin ɗari? Don ka ce abin da ba a auna ba, babu shi."

Farfesa ya harzuƙa. "Je ki tambayi ɗaliban da na yaye, ki ji daga bakinsu!"

"Wato in yi hira da su, maganarsu ta zama hujja?"

Farfesa ya daɗe yana goge tabarau. Can ya jawo kundin gabansa, ya ce ta ara masa biro.