Tukunyar da Ta Ƙi Tafasa

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da maganinta, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, Shehinmu, Allah Ya tsarkake sirrinsa, kogi ne a fiƙihu da tafsiri, mai tsantseni, mai gudun duniya, wanda harshensa bai taɓa bushewa daga ambaton Allah ba. Kuma Ubangiji Ya hore masa sanin itatuwa da saiwoyi kamar yadda Ya hore masa sanin littattafai. A bayan zauren karatunsa akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, saiwoyi rataye a igiya, ɓawon itatuwa shanye a tabarma, ga turmi, ga wuƙa, ga wani farin kwano da ba a cin abinci a cikinsa.

Ni tela ne, na daɗe ina ɗaukar karatu a gabansa bayan na rufe shago, kuma da yake idona ya saba bambanta yadi mai kyau da na bogi, sai ya riƙa jawo ni ɗakin nan yana nuna mini yadda ake gane saiwa. Yakan duba ɓawonta, ya karya ta ya ga cikinta, ya sansana, ya ɗora a harshe, sannan ya yanki ɗan sili ya jefa a farin kwanon nan ya zuba ruwa ya jira. Yakan ce, "Ido da hanci da harshe duk shaidu ne, amma alƙali ruwa ne."

Shekarar da autata ta kamu da shawara, idanunta suka yi rawaya, ta daina cin komai, har hannunta ya koma kamar sillen kara, Malam ya ambata mini wata saiwa ya ce in nemo. Ba zan faɗi sunanta ba, domin ya hana, gudun kada wani ya ji a labari ya tafi haƙa. Ya gargaɗe ni cewa tana da wata mai kama da ita, wadda yake kira ƙanwarta, ita kuwa guba ce, kuma kama da wane ba wane ba ce. Na samo ta a kasuwa wurin wani mai magani, mutumin kirki, sai dai ya kankare ɓawonta ya wanke ta tas don ta yi kyaun gani, alhali a ɓawon ne babban bambancin yake. Na karya, na sansana, na ɗanɗana, komai ya yi daidai.

Da na biyo ta gida, surukata, wadda ta zo jinyar jikarta, ta karɓe ƙullin daga hannuna ta miƙo mini guntu ɗaya.

"Wannan ya isa a nuna wa Malam," in ji ta.

Na ce, "To, Inna, amma don Allah kada a taɓa sauran sai na dawo."

Ta ce to, irin to ɗin da tsofaffi ke yi wa yaro.

Na iske Malam ya idar da azahar. Ya karɓi guntun ya bi shi daki-daki kamar yadda ya saba, sannan ya jefa sili a farin kwano. Ta gaskiya takan rina ruwa ya yi ja kamar shayi; wannan kuwa, muna zaune muna kallo, ruwan ya yi fari-fari, wata 'yar kumfa ta taso ta kewaye bakin kwanon.

"Ƙanwar ce," in ji shi. "Babba ma in ya sha, sai wani ikon Allah. Ina sauran?"

"Allah gafarta Malam, yana gida. Na ce su jira ni."

Ya runtse ido jim kaɗan, sannan ya ce, "Wanda ɗansa ke kwance ba ya jin jira. Sun ɗora tukunya."

Na zabura na miƙe tsaye. Tsakanin gidan Malam da nawa akwai kasuwa da gada, a lokacin kuma babu wayar hannu, kuma na san surukata: da maganin ya tafasa za ta fifita shi ta ɗura wa yarinyar. Malam ya ɗaga hannuwansa, leɓɓansa suka motsa, sannan ya kifa tafinsa a bakin kwanon, ya ce cikin natsuwarsa da ba ta canzawa, "Tafi, ɗana, kada ka yi gudu ka faɗi. Wanda Ya taɓa ce wa wuta ta zama sanyi da aminci yana nan bai gushe ba."

Wannan umarni nasa kam ban iya bi ba. Gudu na yi har takalmina ɗaya ya tsinke a kan gada, na bar shi can.

Na faɗa tsakar gida na iske hayaƙi, wuta na ci bal-bal a murhu, maiɗakina tsaye da kofi da cokali, surukata durƙushe da mafici, gumi ya jiƙe mata kallabi, tana ta yi wa tukunya faɗa kamar mai ji.

"Zo ka ga abin mamaki," in ji ta. "Tun fitarka muke fama. Na sake itace, na ƙara gawayi, maƙwabciya ta ɗora butarta a murhun nan ta tafasa nan da nan, amma wannan ko ɗumi ta ƙi."

Na tsoma hannuna har wuyan hannu, a tukunyar da gindinta ya yi baƙi ƙirin da wuta, na ji ruwa sanyi ƙalau kamar yanzu aka ɗebo shi daga randa. Na sauke ta na kifar a magudana, sannan na gaya musu abin da kwano ya nuna. Mafici ya faɗi daga hannun surukata, ta zauna daɓas a ƙasa tana kallon tafukanta, tana cewa, "Da hannuna fa, da hannuna," maiɗakina kuwa ta ruga ɗaki ta rungume yarinyar tana kuka.

Guba dai ta wuce mu, amma yarinya na nan kwance, magani kuma babu. Muna cikin wannan zulumi, gab da magariba, sai muka ji sallama. Malam ne, tsoho mai ciwon gwiwa wanda masallaci ma sai da sanda yake zuwa, ga laka har gefen rigarsa, ga 'yar fartanya a hannu, ga saiwa da ɓawonta da ganyenta da ƙasarta. Da kansa ya gangara bakin rafi ya haƙo. Ya sa aka kawo farin kwano, ya jiƙa sili a gaban surukata har ruwan ya yi ja, ya ce mata, "Yanzu ɗora, 'yar'uwa." Tukunyar nan dai, murhun nan dai, kafin maiɗakina ta ɗauraye kofi ta tafasa. Shi ya fara kurɓa, sannan aka ba yarinyar. Cikin 'yan kwanaki idanunta suka washe, ta fara neman abinci da kanta.

Da na je godiya na soma zancen tukunya, sai ya katse ni. "Wuta baiwar Allah ce, ruwa bawan Allah ne, ni ban ce musu komai ba. Kai dai ka riƙa jiƙawa kafin ka dafa."

Mutane in sun ji labarin nan, tukunyar ce ke ba su mamaki, kuma ta isa. Ni kuwa abin da ke sa ni hawaye har gobe shi ne lakar da na gani a rigar bawan Allah nan, saboda 'yar tela da ba ta da abin da za ta saka masa da shi. Autar nan yau uwa ce mai 'ya'ya, kuma ba ta taɓa sallame salla ba ta ambace shi ba.

Ya Allah, Ka jiƙan Shehinmu, Ka haskaka makwancinsa, Ka ɗaukaka darajarsa cikin salihan bayinKa, Ka ba mu albarkacinsa mu da zuriyarmu. Kuma kamar yadda Ka sanyaya mana wutar tsakar gidanmu saboda addu'arsa, Ka haramta jikinsa da namu ga wutar gobe. Amin.