Daddawar Haladu a Gidan Turawa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, don in na faɗa wata a cikinku za ta ce ɗan'uwanta ne. Sunansa Haladu, irin mutanen nan da in ka taka su, su za su ce ka yi haƙuri. Allah ya ba shi sa'ar jarrabawa, aka ɗauke shi karatu a wata ƙasar Turawa mai sanyin tsiya. Ranar tafiya rabin garin ne ya raka shi tasha. Uwarsa ba ta yi masa dogon wa'azi ba. Daddawa ta ƙulle masa, ta kalwa, mai kyau, ta sa a leda, ta naɗe da tsohon zane, ta cusa a ƙasan akwati. Ta ce ko'ina mutum ya je ai zai nemi miya.

To, ku saurara. Tsarin makarantar, ɗalibin da ya zo daga waje a gidan mutanen gari ake sauke shi. Wanda kuwa masu gida suka kora, sai dai ya haɗa kayansa ya koma ƙasarsu. Aka kai Haladu gidan wani tsoho da matarsa. Sunayensu suka ƙi zama a bakinsa, sai ya riƙa ce musu Baba da Mama, su kuma suka ji daɗi, don 'ya'yan cikinsu ko leƙo su ba sa yi. Doka ɗaya Mama ta kafa masa: ba a ajiye abinci a ɗakin kwana. Ɗalibin da ya zauna kafin shi kifi ya ɓoye a ƙarƙashin gado, shi ya sa aka sallame shi. Haladu ya ce ya ji, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa, don shi a saninsa daddawa ba abinci ba ce. Wa kuka taɓa gani ya zauna ya ci daddawa ya ƙoshi? Ya tura akwatin jikin ƙarfen da ke ɗumama ɗaki, ya manta da ita.

Akwai kare a gidan. Tsoho ne tukuf, yana ɗingishi, amma yana da bargonsa, yana da tawul ɗinsa, yana da kujerarsa a falo. Haladu bai tsani komai a ƙasar nan kamar karen nan ba. Da ya shinshini wandonsa sai wanki. Kullum sai wanki.

Ba a jima ba gida ya fara wari. Mama ta buɗe tagogi cikin wannan sanyi, ta wanke labule, ta wanke darduma. Baba ya kira mai gyaran famfo, ya kira mai kashe ɓera, ba a ga komai ba. Haladu kuwa shi ne kan gaba wajen nema. Ya ɗaga kujera, ya leƙa bayan firij, ya ja numfashi da gaskiyarsa, ya ce shi wallahi bai ji komai ba. Sai dai ma kwanan nan da ya shiga ɗakinsa sai ya ji kewar gida ta taso masa, bai san dalili ba.

Karen fa ya bar kujerarsa ya tare a ƙofar ɗakin Haladu, ko ci ba ya tashi ya yi. Duk inda aka bi wari aka bi wari, a kan kare ake tsayawa. Dama likitan dabbobi ya taɓa gaya musu cewa karen ya tsufa, ran da ya fara ruɓewa daga ciki su kawo shi a yi masa allurar da ba a tashi. Mama ta yi kuka ta gaji, Baba ya sa rana. Haladu ya yi musu jaje, amma kada in yi muku ƙarya, a ransa ya ce alhamdu lillahi, wanki ya ƙare.

Ranar da za a kai karen, sai ga baƙo. Wani ɗan garinsu ne, Nafi'u, da ya riga shi zuwa da 'yan watanni. Ubansa itace yake sayarwa a bayan gidan su Haladu, amma shi yanzu Naf ake ce masa, ta hanci yake Hausa, har ya fara tambayar yadda ake cewa cokali. Yana sa ƙafa a ɗakin ya ce, "Kai, daddawa." Da bakinsa na gado ya faɗa, kafin ya tuna bai kamata ya santa ba.

Nan Haladu ya tuna da ƙunshin uwarsa. Ya janyo akwati ya buɗe, ga ta nan ta sha ɗumi ta yi gumi. Ya leƙa taga, ya ga Baba yana sa kare a mota, Mama tana gyara masa bargo.

Nafi'u ya ce ya rufe bakinsa. Ya ce in sun tafi a jefar da ita a bola, wari ya bi kare, magana ta mutu. Ya tuna masa da mai kifi, ya tuna masa da mutanen da suka raka shi tasha, ya ce ya yi tunanin ya sauka a tashar nan da akwatinsa a ce me ya dawo da kai, ya ce daddawa.

"Kare ne fa, Haladu. Ko sonsa ba ka yi."

"Ba na sonsa. Amma ba shi ya yi ba."

Ku saurara da kyau. Bawan Allah nan ya ɗauki ƙunshin, ya fita ko takalmi babu, ya sha gaban mota, ya tsuguna kamar yadda ake tsuguna wa manya, ya kwance zanen. Baba ya fito, ya ja da baya har ya bugi ƙofar mota. Mama ta toshe hanci, ta tambayi Nafi'u mene ne wannan. Nafi'u ya ce shi gaskiya bai taɓa ganin irinsa ba, wataƙila mutanen can cikin ƙauye ne ke amfani da shi.

Haladu ya haɗa ɗan yaren da ya iya. Ya ce wannan daga hannun uwarsa ta fito, a miya ake sa ta, ita ce ke wari ba kare ba. Ya ce, "Mama, na karya dokarki ban sani ba, amma na karya. In korata za ku yi, ku kore ni. Shi dai ku sauke shi."

Mama ta buɗe mota ta rungume karenta tana kuka, karen kuma yana ta miƙa wuya wajen daddawa. Baba ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya daɗe yana shinshinawa. Can ya shiga ɗakin ajiyarsa na bayan gida, ya fito da wata kwalba, ya buɗe wa Haladu. Cuku ne irin nasu, har ya yi kore-kore, Mama ta hana shi shiga da shi gida tun suna da ƙuruciya. Haladu ya shaƙa, hawaye ya zubo masa. Ya ce, cikin ladabi, "Baba, kun tabbata ba wannan ba ne?"

Dariyar da Mama ta yi ita ta raba gardama. Ta ce ba za ta kori yaron da ya tsaya gaban mota saboda karen da ko sonsa ba ya yi ba. Aka sa daddawa a kwalba, aka kai ta kusa da cukun Baba, suka zauna lafiya. Hukuncin Haladu, duk Lahadi shi zai yi miya. Lahadin farko Nafi'u ya zo ba a gayyace shi ba. Ya fara da cokali, aka waiga aka ga ya ajiye shi, ya ƙara, ya sake ƙarawa, har da suɗe kwano. Abin da ya ce bai taɓa gani ba ke nan.

Kun ce me Haladu ya samu? Ya gama karatunsa, ya dawo da takardarsa. Sannan karen ya ƙaunace shi. Ya lashe shi da safe, ya lashe shi da yamma. Har ya bar ƙasar nan wanki yake yi.

To, 'yan'uwa, abin da nake so ku ɗauka shi ne, in laifi naki ne ki ce nawa ne, ko da wanda zai sha duka a madadinki ba ya gabanki, ko da kare ne. Allah yana ganin wadda ta fasa tangaran ta ce mage ce, yana ganin wadda ta ƙona tuwo ta ce ƙanwarta ce ta ƙara wuta. Kuma kada ki ji kunyar abin da uwarki ta ƙulle miki. Masu zuwa Abuja hutun mako su dawo suna tambayar mece ce kuka, ba na kiran suna, amma mun ga yadda kuka yi da kwanon jiya. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya tun kafin a tayar da mota.